Kiɗan punk da dillalan da suka tallata shi: wa ya sha bugu, wa ya karɓi kuɗi?

Da yammacin 1 ga Disamba 1976, lokacin da iyalai a Landan ke zaune gaban talabijin da yaransu, gidan Thames ya shigo da wasu samari huɗu cikin shirinsa na kai tsaye. Ba su aka gayyata ba tun farko. Ƙungiyar Queen ce ta fasa zuwa, sai kamfanin faifai na EMI ya turo sababbin yaransa, Sex Pistols, su cike gurbi. Mai gabatar da shirin, Bill Grundy, ya raina su tun daga kallon farko, ya yi ta tsokanarsu, har ya ce musu saura 'yan daƙiƙu, su faɗi wata magana mai tayar da hankali. Steve Jones mai kaɗa jita bai yi wata-wata ba, ya zazzaga masa ashar irin wadda kunnen mutanen Ingila bai saba ji daga akwatin talabijin ba. Kafin gari ya waye labarin ya mamaye shafin farko na jaridu. Aka dakatar da Grundy na mako biyu, ma'aikatan masana'antar EMI suka ƙi taɓa faifan ƙungiyar, masu ɗakunan taro kuma suka soke mafi yawan wasannin da aka shirya musu a wannan watan.

Manajansu, Malcolm McLaren, yana wurin. 'Yan ƙungiyar sun ba da labari daga baya cewa a wannan dare hankalinsa ya tashi matuƙa, yana ganin yaran sun rusa masa komai. Da ya ga jaridun safe sai maganarsa ta sauya, ya shiga nuna wa duniya cewa shi ya kitsa abin. Haka ya ci gaba da yi har ya rasu a 2010: duk abin da ya faru, da gangan ko da tsautsayi, nasa ne.

Mutane da yawa sun yarda da shi, shi ya sa har yau in aka tashi ba da tarihin punk, wato kiɗan rock mai zafi da tawaye irin na Sex Pistols, sai a fara da dillalai, a ƙare da su. Ni ina ganin gādo biyu wannan kiɗa ya bari, kuma ba sa ga maciji da juna. Ɗaya na McLaren ne, wato ganewar cewa abin kunya ma haja ce, ana iya kai ta kasuwa. Ɗayan na wasu mutane ne da sunansu bai yi amo kamar nasa ba, waɗanda suka nuna wa talaka mai jita cewa zai iya naɗar waƙarsa, ya buga faifansa, ya sayar, ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Na biyun ne ya sauya yadda ake sana'ar waƙa, amma na farkon ya fi samun masu ba da labarinsa.

Abin ya soma ne a New York, ba a Landan ba. A tsakiyar shekarun 1970 kiɗan rock ya zama na manya: waƙa guda ta yi minti goma sha biyar, mawaƙa suna yawo a jirgin sama na haya, mai kallo yana hango su daga can ƙarshen filin ƙwallo. Birnin New York kansa ya kusa karyewa a 1975, haya ta yi arha a unguwannin da masu hali suka gudu suka bari. A irin wannan unguwa, kan titin Bowery, Hilly Kristal ya buɗe mashayarsa CBGB a ƙarshen 1973. Kiɗan ƙauyen Amurka ya yi niyyar kawowa, sai waɗanda suka ƙwanƙwasa masa ƙofa suka kasance mawaƙa irin su Television, da Ramones, da Patti Smith, da Blondie, da Talking Heads. Sharaɗinsa ɗaya ne, kowa ya zo da waƙar da ya tsara da kansa. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa a tuna da shi. Kundin Ramones na farko, wanda Seymour Stein ya fitar a kamfaninsa na Sire a 1976, dala 6,400 ya ci, waƙoƙi 14 ne cikin minti 29. Bai yi kasuwa ba a lokacin, sai a 2014 cinikinsa ya kai rabin miliyan a Amurka. Amma duk yaron da ya saurare shi ya fahimci cewa wannan bai fi ƙarfinsa ba.

McLaren ya ga wannan da idonsa. Ɗan makarantar zane ne da ya sha karatun 'yan tawayen Faransa na 1968, masu ra'ayin cewa ana girgiza hukuma ta hanyar juya mata alamominta. Shi da abokiyar zamansa mai zanen kaya, Vivienne Westwood, suna da shagon tufafi a lamba 430 kan titin King's Road tun 1971, suna sauya masa suna da kaya duk bayan 'yan shekaru. A farkon 1975 ya ɗan riƙe ƙungiyar New York Dolls tana gab da watsewa, ya sa musu jajayen kayan fata, ya rataya tutar kwaminis a bayansu, abin bai karɓu ba. Ribar da ya dawo da ita gida ita ce surar wani mawaƙin New York, Richard Hell: gashi a yamutse, riga a yayyage an maƙale ta da fil.

Ingilar da ya dawo ya tarar tana cikin matsi. Tsadar kaya ta haura kashi 20 cikin ɗari a 1975, marasa aiki sun wuce miliyan, a 1976 kuma gwamnati ta je neman bashi wajen IMF. Yara suna gama makaranta su wuce layin karɓar tallafin zaman banza. Cikinsu akwai Steve Jones da Paul Cook, waɗanda tuni suke da 'yar ƙungiyarsu, da kayan kiɗan da Jones bai taɓa ɓoye cewa sato su ya yi ba. Glen Matlock yaron shagon McLaren ne na ranar Asabar. John Lydon kuwa Bernie Rhodes, abokin McLaren, ne ya hango shi a titi sanye da rigar Pink Floyd da ya rubuta wa kalmar ƙiyayya a kai, aka kira shi shago a watan Agusta 1975, ya tsaya gaban akwatin kiɗa ya yi ta murguɗe-murguɗe, aka ɗauke shi ya zama mai rera waƙar Sex Pistols. Lydon ya rubuta baitoci, Matlock ya tsara mafi yawan karin waƙoƙin farko, Jones ya ba su wannan sautin jita mai kauri. Babu hannun McLaren a ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A ba shi haƙƙinsa dai. Shi ya samo musu ɗakin gwaji, shi da Westwood suka tufatar da su, shi ya kawo abokinsa Jamie Reid wanda ya riƙa yanko haruffa daga jarida yana liƙawa kamar wasiƙar masu garkuwa da mutane, salon da har yau masu talla ke kwaikwayo. Kuma ya iya ciniki. EMI ta ba su fam 40,000 a Oktoba 1976, ta sallame su a Janairu 1977, kuɗin bai dawo ba. A watan Maris aka kafa tebur a gaban fadar Buckingham, 'yan jarida na kallo, aka sa hannu da kamfanin A&M; kafin mako ya zagayo A&M ta kore su, suka tafi da fam 75,000. Sai Virgin ta Richard Branson ta ɗauke su. Aka fitar da "God Save the Queen" a ƙarshen Mayu 1977, daidai lokacin bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan karaga. BBC ta hana sa waƙar, manyan kantuna suka ƙi sayar da ita, duk da haka ta kai ta biyu a jadawalin ciniki, kuma har gobe akwai masu rantsuwa cewa ita ce ta ɗaya aka danne. Ranar 7 ga Yuni aka ɗora ƙungiyar a jirgin ruwa kan kogin Thames suna kiɗa a gefen majalisar dokoki, 'yan sanda suka tare su, aka kama McLaren yana ihu gaban kyamara.

Kwanaki kaɗan bayan haka wasu masu kishin sarauta suka tare Lydon a wajen wata mashaya suka yanke shi a hannu da wuƙa. Cook ma aka yi masa dukan da sai da aka ɗinke masa kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Samarin da shekarunsu ba su wuce ashirin da kaɗan ba su ne ba sa iya tafiya a titi, suna karɓar albashin mako, dubban fam kuma suna asusun kamfanin manaja, ana zuba su cikin wani fim da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Maganar Sid Vicious ita ce ta fi ci mini rai. An fitar da Matlock a farkon 1977, aka sa Sid a gurbinsa. Abokin Lydon ne, kuma Lydon ne ya jawo shi, wannan ba laifin McLaren ba ne. Amma kowa ya san bai iya jitar bes ba, Jones ne ya kaɗa ta a kusan dukan kundin da suka fitar a Oktoba 1977. Abin da Sid ke da shi fuska ce, da halin cutar da kansa a gaban jama'a, kuma wannan aka riƙa sayarwa. A Janairu 1978 McLaren ya tsara musu zagayen Amurka ta jihohin kudu, Memphis da San Antonio da Dallas da Tulsa, wuraren da ya tabbata za a jefe su da kwalabe. Aka jefe su. Ranar 14 ga watan suka yi wasan ƙarshe a San Francisco, ƙungiyar ta watse, aka bar Lydon a can ba kuɗi a hannunsa. A Oktoba aka tsinci gawar budurwar Sid, Nancy Spungen, a wani otal a New York, aka tuhume shi da kisa. Ranar 2 ga Fabrairu 1979 ƙwaya ta kashe shi yana da shekara 21. Yaro ne mara lafiya da ke bukatar wanda zai janye shi daga dandali, sai ya faɗa hannun waɗanda ciwonsa ke kawo musu ciniki.

Fim ɗin ya fito a 1980, McLaren na ciki yana koyar da darasi kan yadda ya ƙera ƙungiyar da ba ta iya kiɗa ba don ya damfari kamfanoni. Lydon ya riga ya kai ƙara. Sai a 1986 aka kammala shari'ar, mallakar waƙoƙin da kuɗin da suka kai kimanin fam miliyan ɗaya suka koma hannun mawaƙan da mahaifiyar Sid.

Abin da McLaren ya yi bayan haka ya fi shafar mu 'yan Afirka. Mawaƙi Adam Ant ya biya shi don ya ba shi shawara, sai a 1980 McLaren ya janye masa makaɗansa ya kafa Bow Wow Wow, ya ɗora musu wata yarinya 'yar shekara 13, Annabella Lwin, da aka samo a shagon wanki da guga. Hoton da aka ɗauke ta ba tufafi don bangon faifai ya sa mahaifiyarta ta kai kuka wurin 'yan sanda. Kiɗan da ƙungiyoyin biyu suka yi suna da shi na makaɗan gangar Burundi ne, an kwaso shi daga faifan da masu bincike suka naɗa, su kuwa masu gangar ba wanda ya waiwaye su. A kundinsa na 1983, Duck Rock, ya haɗa kiɗan Soweto da na Kuba da hip-hop na New York, shekara uku kafin mawaƙin Amurka Paul Simon ya yi nasa kundin da makaɗan Afirka ta Kudu. Kunnensa na da kaifi, wannan ba a musu: ta hannunsa dubban yaran Ingila suka fara ganin yadda ake gurza faifai da hannu ana fitar da sabon sauti. Sai dai sunansa da na furodusansa Trevor Horn aka rubuta a matsayin marubutan waƙoƙin da mawaƙan Afirka ta Kudu suka san nasu ne. Ƙungiyar Boyoyo Boys ta kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu, sunayen da ke jikin faifan kuma ba su sauya ba. Wanda ya yi wa yaran Landan haka, ba abin mamaki ba ne ya yi wa na Soweto.

Yanzu mu koma baya kaɗan, zuwa 4 ga Yuni 1976, wata shida kafin ashar ɗin talabijin. Wasu ɗalibai biyu, Howard Devoto da Pete Shelley, sun karanta labarin Sex Pistols a jaridar kiɗa, suka ari mota suka je kudu suka gan su, suka gayyato su Manchester. Ƙaramin ɗaki suka kama a Free Trade Hall, mutanen da suka zo ba su wuce arba'in ba. Daga cikin waɗanda suka halarci wannan wasa da na biyunsa a watan Yuli aka samu waɗanda suka kafa Joy Division, da The Fall, da The Smiths. Abin da suka gani a dandalin samari ne irinsu, masu irin talaucinsu, ba wasu gwanaye ba. Peter Hook na Joy Division ya ce washegari ya je ya sayi jitar bes.

Devoto da Shelley suka kafa Buzzcocks. Babu kamfanin Landan da zai hau jirgin ƙasa ya zo sauraronsu, don haka suka ranci kimanin fam 500 wajen abokai da mahaifin Shelley, suka shiga situdiyo da furodusa Martin Hannett, suka naɗi waƙa huɗu. Suka buga kwafi 1,000 da sunan nasu kamfanin, New Hormones, suka zauna a gida suna duba kowane faifai suna zura shi a kwalinsa da hannu. A bayan kwalin suka rubuta sau nawa aka maimaita kowace waƙa kafin ta naɗu, don mai saye ya ga babu wani sihiri a cikin aikin. Spiral Scratch ya fito a Janairu 1977, ya sayar da kwafi kusan 16,000. A wannan watan ne kuma wata 'yar ƙasida da ake bugawa da injin kwafi, Sideburns, ta zana hanyoyi uku na ɗora yatsu a wuyan jita, ta ce wa mai karatu to, je ka kafa ƙungiya. Wasu suka ƙara gaba, suna buga lissafin kuɗin da faifan ya ci a jikin kwalinsa, da adireshin masana'antar da ta buga shi.

Buga faifai abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da kai shi hannun mai saye. A nan Geoff Travis ya shigo. Ya buɗe shagon Rough Trade a yammacin Landan a 1976, yana karɓar faifan duk wanda ya shigo da shi a jaka. A 1978 shagon ya zama kamfani, yana raba riba biyu daidai da mawaƙi bayan an cire kuɗin aiki, a zamanin da manyan kamfanoni ke ba mawaƙi ɗan ƙaramin kaso. Daga baya ya haɗa kai da wasu shaguna a biranen Birtaniya suka kafa hanyar rarraba kaya tasu, ta yadda faifan da aka buga a Manchester zai isa Bristol ba tare da ya bi ta hannun EMI ko CBS ba. John Peel yana sa waƙoƙin a rediyon BBC da dare. Zuwa 1980 har an buɗe wa ƙananan kamfanoni jadawalin cinikinsu daban. Daga wannan turba Mute ta fito a 1978 ta haifar da Depeche Mode, 2 Tone ta fito a 1979 da ƙungiyoyin da suka haɗa baƙi da farare. Beggars Banquet kuwa shagon faifai ne da ya zama kamfani a 1977 don fitar da waƙar wata ƙungiyar punk, The Lurkers. A cikin gidan ne aka kafa XL a 1989, kuma XL ce ta ɗauki Adele. Wanda ke sauraron Adele ba zai ji ƙamshin punk ko kaɗan a muryarta ba, amma gidan da ya rene ta punk ne ya aza harsashinsa.

Ba na so in mai da waɗannan mutane waliyyai. Tony Wilson ɗan jaridar talabijin ne a Manchester, shi ya fara nuna Sex Pistols a allo a 1976, ya kafa Factory a 1978. Takardar da ya rubuta wa mawaƙansa ta ce komai nasu ne, kamfani bai mallaki komai ba. Mutumin kirki ne a wannan fanni, kishiyar McLaren. Amma hannunsa a sake yake da kuɗin da ba shi ya tara ba. Gidan rawar da suka buɗe a 1982, Haçienda, ya yi shekaru yana lashe abin da New Order, babbar ƙungiyar kamfanin, ke samowa. Da bashi ya yi wa Factory katutu a 1992, kamfanin London Records ya zo saye, sai ya gano babu abin saye tunda waƙoƙin na mawaƙa ne, ya janye, Factory ta durƙushe. Bangaren rarraba kaya na Rough Trade ya riga ya karye a 1991, ya tafi da kuɗin ƙananan kamfanoni da dama. Wilson bai tara komai ba. Da ciwon daji na ƙoda ya kama shi, hukumar lafiya ta ƙi biyan kuɗin wani magani mai tsada, tsofaffin mawaƙansa da abokai ne suka yi karo-karo suna saya masa har ya rasu a 2007. Kyakkyawar niyya ba ta hana asara, kuma asarar ba kan mai niyyar kaɗai take faɗawa ba.

A Amurka abin ya ɗauki wata siffa. 'Yan ƙungiyar Black Flag suka shiga ƙaramar bas suna bin garuruwan da babu mai zuwa, suna wasa a gareji da ɗakunan taron unguwa, suna kwana a ƙasa a gidajen masoya, suna miƙa lambobin waya ga ƙungiyar da ke biye da su. Kamfanin mai jitarsu Greg Ginn, SST, ya fitar da Hüsker Dü da Sonic Youth da Soundgarden, sannan ya ƙare da rigingimu da mawaƙan da suka ce ba a biyansu haƙƙinsu. Ƙaramin kamfani ma yana cin gumin mutum. Wanda ya fi tsayawa kan magana ɗaya shi ne Ian MacKaye, wanda ya kafa Dischord a Washington tare da Jeff Nelson a 1980. Ƙungiyarsa Fugazi ta yi shekaru tana karɓar dala 5 a bakin ƙofa, tana ƙin wasa a inda za a hana yara shiga, ba ta sayar da riga ko hula, kuma ta juya wa tayin manyan kamfanoni baya. Dischord na nan har yau. Hanyoyin da waɗannan suka share su Nirvana ta bi kafin kundinta ya ture na Michael Jackson daga saman jadawali a Janairu 1992. A 1994 Green Day ta sayar da miliyoyi a babban kamfani, gidan wasan da ya rene su a Berkeley ya rufe musu ƙofa saboda haka. A shekarar kuma The Offspring ta fitar da kundi a ƙaramin kamfanin Epitaph, wanda daga baya cinikinsa ya haura kwafi miliyan 10.

Akwai tabon da bai kamata a tsallake ba. Shagon McLaren da Westwood ya sayar da kaya masu tambarin 'yan Nazi, wai don a fusata iyayen da suka yi yaƙi da Hitler. McLaren kansa jinin Yahudawa ne ta wajen uwa, bai ga aibin abin ba. Bernie Rhodes, wanda ya zama manajan The Clash, ya gani: a wani biki a 100 Club a Satumba 1976 ya hana mawaƙiya Siouxsie amfani da kayan kiɗan ƙungiyarsa saboda tambarin da ta ɗaura a damtse. A lokacin jam'iyyar National Front mai ƙin baƙi na ƙara ƙarfi, ana dukan baƙi da 'yan Asiya a tituna, don haka wasa da wannan alama ba wasa ba ne ga wanda ake bi da sanda. Martanin ya zo daga cikin gida. Don Letts, ɗan asalin Jamaika, yana sa wa 'yan punk reggae a gidan rawa na Roxy. Ƙungiyar Rock Against Racism, wadda aka kafa a 1976 bayan Eric Clapton ya yi kalaman ƙin baƙi a dandali a Birmingham, ta tara dubun-dubatar mutane a Victoria Park ranar 30 ga Afrilu 1978. The Clash da Steel Pulse suka hau dandali ɗaya, tare da X-Ray Spex, wadda jagorarta Poly Styrene 'yar wani Basomale ce, yarinya mai ƙarfen gyaran haƙori a baki da ta ƙi yarda a mai da ita kayan ado. Ita da The Slits suka buɗe ƙofar da su Bikini Kill suka shiga a farkon shekarun 1990.

Gādon McLaren kuwa kasuwa ta haɗiye shi ba tare da ya shaƙe ta ba. An rufe CBGB a 2006, wurin ya koma kantin tufafi masu tsada. Westwood ta karɓi lambar girma daga gidan sarautar da ta taɓa maƙala wa fil a leɓe. A 2015 bankin Virgin Money ya buga zanen Sex Pistols a katin bashi. EMI da A&M da Virgin, kamfanoni ukun da aka ce an damfara, duk sun ƙare a cikin Universal. A Nuwamba 2016 ɗan McLaren da Westwood, Joe Corré, ya ɗora kayan tarihin punk da ya ce sun kai fam miliyan 5 a jirgin ruwa kan Thames ya cinna musu wuta, don nuna fushinsa da yadda hukumomi ke bikin cikar punk shekara 40. Na fahimci fushin, amma hanyar ta ubansa ce, an kira 'yan jarida kafin a kunna ashana. Dabarar tayar da rigima don a sayar da kaya yanzu ta zama ruwan dare, kowane manajan mawaƙi ya san ta, kuma har yanzu wanda aka tura gaba shi ke kwana da abin da ya biyo baya.

Ɗaya gādon ya iso har ƙofar gidanmu. Mdou Moctar, Ba'abzine mai jita daga Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran murya na waƙoƙin fina-finan Hausa. Ba kamfanin da ya fitar da shi. Waƙoƙin sun bi wayoyin hannu da katin memori, daga wannan zuwa wancan, har suka ratsa Sahara. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a cikin wayoyin mutane, kuma maimakon ya kwashe ya sa sunansa, sai ya shiga neman mai waƙar har ya same shi, ya fitar da ita a ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds da sunan mai ita. Mai kaɗa wa Moctar jitar bes, Mikey Coltun, a cikin 'yan punk na Washington ya tashi, garin Dischord, kuma da irin tarbiyyarsu ta shiga bas a bi gari-gari aka gina wa ƙungiyar masu sauraro a Amurka. A 2021 Matador ta fitar da kundinsu, kamfanin da rabinsa na gidan Beggars ne. Da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai a Yuli 2023 aka rufe iyakoki, Moctar da abokan kiɗansa biyu suna tsakiyar zagaye a Amurka, hanyar gida ta toshe. Masu sauraronsu ne suka tara musu kuɗin masauki da abinci ta intanet, su kuma suka shiga wani situdiyo a Brooklyn suka sake naɗar sababbin waƙoƙinsu da jitar katako, kundin da ya fito a farkon 2025.